Wasiƙa daga Kuala Lumpur: tarihin ’yan motocin da Yaya ya kira wasan yara

Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake yi kusan kowace la’asar.

Saƙon Yaya ya iso, na kuma ji faɗan da ya yi a kan hoton da na aiko, wai gemai-gemai da ni na tsuguna ina wasa da motar yara. Yaya, a yi haƙuri, amma yau sai na kare kaina. A wurin shaƙatawa na tafkin Titiwangsa aka ɗauki hoton, inda akwai filin tseren ’yan motocin nan masu rimot, har da dandamalin da direbobi ke tsayawa. Galibin waɗanda na tarar a wurin magidanta ne, wasu ma da furfura.

Abin ya samo asali ne a shekarun 1960, lokacin da masu ƙera ƙananan jiragen sama na rimot suka fara ɗora injinansu a kan taya huɗu. A 1967 aka kafa ƙungiyar ROAR a Amurka don tsara tseren. Motocin farko faranti ne kawai na ƙarfe, sai inji da tayoyi. Babu shokozoba sam. In mota ta taka tsakuwa sai ta yi tsalle kamar fara, kuma duk abin da zai rage girgiza bai wuce laushin taya da ɗan lanƙwasawar farantin ba. A haka aka yi gasar duniya ta farko a Pomona da ke Kalifoniya a 1977. Bayan shekara biyu, a Janeba, aka kafa IFMAR wadda ke kula da gasar duniya har yau, kuma ƙasashen wannan yanki, ciki har da Malesiya, suna ƙarƙashin reshenta mai suna FEMCA.

Japanawa ne suka kai abin gidajen talakawa. Kamfanin Tamiya ya fitar da motarsa ta farko, Porsche 934, a 1976, sannan a 1979 ya fitar da Rough Rider mai shokozoba na gaske, wadda ke iya gudu a kan turɓaya. A 1984 Team Associated na Amurka ya kawo RC10, ita ce kuma ta ci gasar duniya a 1985. Daga nan magana ta canza. Da, wanda injinsa ya fi ƙarfi shi ke da rana. Da shokozoba ya shigo, sai ya zama wanda ya fi iya saiti shi ke gaba, domin dokar gasa ta ƙayyade girman inji, kowa siisii 3.5 yake hawa a manyan motocin. Kyosho Inferno ta ci gasar duniya ta kan turɓaya sau shida a jere daga 1992 zuwa 2002, kuma a 2000 wanda ya zana ta, Yuichi Kanai, shi da kansa ya tuƙa ya ci. Wannan ya burge ni ƙwarai, maƙeri ya hau abin da ya ƙera. Gasar ta zo maƙwabtanmu ma, Jakarta a 2006, Pattaya ta Tailan a 2010. Su kuwa mutanen nan, tseren Formula One da aka yi a Sepang daga 1999 zuwa 2017 ya ƙara sa musu son mota, babba da ƙarama.

To mene ne saitin? Shokozoban bai fi ɗan yatsa ba, amma cikinsa akwai mai na silikon da ɗan fistin mai huji-huji. Mai kauri yana sa mota ta natsu, sai dai ba ta bin gargada da sauri. Mai ruwa-ruwa yana haɗiye gargada, amma mota ta riƙa tangaɗi a kwana. Ga shi zafi na tsinka man, don haka saitin da Bature ya rubuta a ƙasar sanyi ba ya aiki a nan, dole a ƙara kauri. Akwai kuma ƙarfin sifirin, da tsawon mota daga ƙasa wanda ake aunawa da milimita, da karkatar taya digiri ɗaya ko biyu.

Kuloci ne ya fi ba ni wahala. Ba feda ake takawa ba, shi ke kama kansa. Wasu ’yan takalma ne guda uku a jikin inji, kowanne sifirin ya riƙe shi. Inji na ƙara juyawa, sai su buɗe su kama ƙwaryar da ke juya giya. Injin nan kuwa yakan wuce juyi 30,000 a minti, man da yake sha ma ba fetur ba ne, haɗin metanol ne da naitiro da man shafawa. In sifirin mai tauri ne, kuloci ba zai kama ba sai inji ya yi fushi, mota ta fizga. In mai laushi ne, ya kama da wuri, mota ta tashi a hankali. Masu tseren kan kwalta su kuma sun koma irin kulocin Centax na kamfanin Serpent na Holan, wanda ake saita shi da noti, tazararsa ba ta kai milimita ɗaya ba.

Ni da na sayi tawa ta hannu, sifirin mafi tauri na sa, don ina son a ji ni. Ina fitowa kwana na ba ta wuta sai ta juya ta dube ni. Sau uku. Wani dattijo ɗan Sin da ke kusa ya miƙo hannu, ya kwance injin, ya sauya mini sifirin biyu da masu laushi, ya ce ruwan jiya ya wanke hanya, taya ba ta da abin kamawa. Ƙarar motar ta ragu, amma na fara gama zagaye ba tare da an ɗauko min ita daga ciyawa ba. Abin ya tuna mini da kanikawan Ƙofar Ruwa da ke gane ciwon mota da kunne.

Ga inda zancen ya nufa, Yaya. An gaya mini autanka ya sha duka don ya kwance rediyon Inna, kuma kullum yana bayan gida yana haɗa motar waya da marfin kwalba. Mu ma mun yi ta kara da ta gwangwani, ka fi ni iyawa ma, ban manta ba. Wannan dattijon ya ce mini shi da motar gora ya fara, ya kuma yi ritaya yana injiniya. Ina roƙon a bar yaron nan, kuma in ya gama firamare a duba masa makarantar koyon sana’a, ni zan ɗauki nauyin kuɗin. Motar tawa ma shi zan kawo wa in Allah ya kawo ni hutun babbar Sallah, tare da sifirin iri uku da kwalaben mai, ya gwada ta a filin makaranta ya rubuta mini abin da ya gani. Rediyon Inna kuma a sayi wata, zan turo.

Hadari ya haɗo, bari in kwashe shanya. A gaida Gwaggo da jiki.

Naku a kullum, daga Kuala Lumpur.