Ƙarfe ne ke dawo da daji? Asalin wata tsohuwar gardama

Duk ranar 4 ga Fabrairu, wadda duniya ta keɓe wa ciwon daji, likitoci kan shiga rediyo suna roƙon jama'a su riƙa zuwa asibiti da wuri. Amma a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi maganar zaure ta fi ta rediyo shiga kunne: daji ba ya son ƙarfe. Kusan kowa na da labarin wata baiwar Allah da aka cire wa ƙari a mama, bayan shekara ɗaya ko biyu ya dawo har ya fi na da. Ba ƙarya suke yi ba, da idonsu suka gani. Dalilin da suke bayarwa ne nake ja da shi, kuma likitoci ma sun daɗe suna lalube kafin su kai ga na gaskiya.

Ciwon tsoho ne. Wani rubutun likitancin Masar na wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ambaci kumburin ƙirji marar magani. A ƙasar Hausa wanzamai da masu magani sun yi fama da shi da sakiya da tsaga da shafe-shafe, babu hanyar rarrabe mugun ƙari da wanda ba ya kisa. Sai a ƙarni na 19, da masana irin su Rudolf Virchow na Jamus suka duƙufa duban nama a madubin likita, aka fara rarrabewa.

Masu fiɗa na farko sun ɗauka ƙari na dawowa ne don ba a yanke da yawa ba. A 1894 William Halsted na Amurka ya wallafa sakamakon aikinsa, inda yake cire mama da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata gaba ɗaya. An shekara kusan 80 ana bin wannan hanya, mata na ci gaba da mutuwa da ciwon a ƙashi da hanta da huhu. Alhali tun 1889 Stephen Paget na Ingila, bayan ya bi bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ce ƙwayoyin ciwon iri ne da ke watsuwa, ya tsiro inda ƙasa ta karɓe shi. Manomin dawa ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ƙuduji kan kwanta cikin ƙasa shekaru, gona ta yi kyau, rana ɗaya ya ɓullo. Gwajin da Bernard Fisher ya fara a 1971 ya nuna yanka mai faɗi bai ƙara wa mata tsawon rai ba, domin ƙwayoyin sukan riga wuƙa fita. A 1976 Gianni Bonadonna na Milan ya nuna maganin da ake ɗurawa ta jijiya bayan tiyata yana rage dawowar ciwon. A 2017 wani nazari kan mata kusan 63,000 ya gano cewa wani nau'in sankarar mama na iya dawowa har zuwa shekara 20.

To ina mu a wannan labari? George Edington, wanda ya kafa rajistar masu ciwon daji a Ibadan a 1960, daga baya ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, inda a shekarun 1970 shi da abokan aikinsa suka rubuta irin dajin da ake gani a Arewa, musamman na hanta da wanda ke kumbura muƙamuƙin yara. Asibitin koyarwar jami'ar, wanda ya koma Shika a 2005, shi ne har yau inda mutanen wannan yanki ke dosa idan ƙari ya gagara.

Wasu na cewa daji jifa ne, shi ya sa asibiti ba ya iyawa. Wasu 'yan boko kuma na cewa dajin baƙar fata ne ya fi zafi, don haka wahalar banza ake yi. Wannan ta biyun tana da ɗan tushe. A 2009 ayarin Farfesa Olufunmilayo Olopade ya ba da rahoton cewa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na sankarar mama da suka gwada daga Nijeriya da Senegal ke da alamar da ke nuna ƙwayar tamoxifen za ta yi aiki. Sai dai shekara guda kafin nan, binciken Clement Adebamowo a Ibadan ya sami kusan kashi biyu cikin uku. Ɗaya daga dalilan da masana suka kawo na wannan tazara shi ne yadda ake adana naman da aka cire. Ƙa'ida ita ce ya shiga ruwan fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, kada kuma ya wuce kwana uku a ciki. Idan ya jima a zafi, alamar ta dushe, a ce wa mace maganin ba nata ba ne alhali nata ne.

Ni dai a ganina nan gizo ke saƙar. Mace ta ɓoye ƙari wata da watanni saboda tsoron ƙarfe, ta zo bayan ya kai hammata. A wani ƙaramin asibiti a yanke, a miƙa wa dangi naman su binne, ba a kai shi ɗakin gwaji ba. Ba wanda ya san sunan ciwon, balle a ɗora ta a kan maganin jijiya ko gashin ƙari da na'ura ko ƙwayar da ake sha shekara biyar. Idan ya dawo, sai laifin ya hau kan wuƙa, maƙwabciya kuma ta ƙara ɓoye nata. Abin da ciwo, domin kwalbar fomalin ba ta kai kuɗin buhun taki ba, kuma a Maƙarfi akwai makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ta daɗe tana yaye ma'aikata. Ya kamata ya zama doka a asibitocin Ikara da Maƙarfi da Kudan cewa duk ƙarin da aka cire sai an tura shi gwaji, sakamakon ya dawo a rubuce, a zaunar da maras lafiya da mijinta ko waliyyinta a karanta musu da Hausa.