Yadda Ma'aikata Suka Sami Bakin Magana

Ya ku 'yan makaranta, kun san a garuruwanmu, kamar su Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, tun zamanin da kowace sana'a da shugabanta. Mahauta na da Sarkin Pawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, shi ne ke kai kukansu fada. To, amma da Turawa suka kawo aikin albashi, sai aka sami wani irin mutum sabo, watau lebura, wanda ba shi da mai yi masa magana. In ya ce kuɗi sun yi kaɗan, sai a kore shi a ɗauki wani.

A 1938 Gwamnati ta kafa dokar ƙungiyoyin ma'aikata. Dokar ta ce ko mutum biyar ne suka haɗa kai, suna iya rubuta ƙungiyarsu wurin hukuma, su yi ciniki da mai ba su aiki da murya ɗaya. Ma'aikatan reluwe na cikin na farko, a 1940, shugabansu kuwa Michael Imoudu. Kada ku ce abin ya yi mana nisa, gama a wancan zamani gyadar da ake nomawa a ƙasarmu Kano ake kai ta, su ne kuma ke jan ta a jirgi har Ikko.

Da yaƙin Hitila ya tsananta, kaya suka yi tsada, albashi kuwa bai bi su ba. Ma'aikata suka roƙi ƙarin kuɗin tsadar abinci, da sule biyu da sisi a yini ga lebura, aka ƙi. Sai cikin watan Yuni na 1945 suka ajiye aiki gaba ɗaya. Jiragen ƙasa suka tsaya, gidan waya ya yi tsit, har kwana 44 a Ikko. Tilas aka naɗa Bature Tudor Davies ya bincika, a 1946 ya ce ƙarin ya kamata, aka biya. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Arewa ma ba a bar ta baya ba. A 1948 Malam Aminu Kano da 'yan'uwansa malamai suka kafa Jam'iyyar Malaman Arewa, don neman gyaran albashi da daraja. Amma takardar doka ba ta tare harsashi: ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu, suna cikin rigimar haƙƙinsu.

Bayan wannan an yi ta taɓa dokar. A 1973 aka mai da adadin masu kafa ƙungiya 50. A 1978 mulkin soja ya tattara ƙungiyoyi barkatai ya mai da su 42 ƙarƙashin uwa ɗaya, NLC. A 2005 aka ce shiga ƙungiya sai da son mutum.

Ku lura, doka ƙofa ce kawai ta buɗe, haɗin kai shi ya shigar da mutane. Gobe waɗansunku za su zama malamai, waɗansu akawuna. In kun karɓi albashi, ku tuna da leburorin da suka yi kwana 44 ba ko anini, ku kuma san dokar da ta ba ku baki, don kada a ƙwace shi kuna barci.