Kuɗin Shara da Zumuncin Mutanen Rima

Kakata ta Taloka takan ce auratayya ce tubalin gari. Sai da na bi tarihin Wurno na gane maganarta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, ya zaunar da Fulani makiyaya kusa da Hausawa manoma. Can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Sannu a hankali jikokin waɗanda suka zare wa juna takobi suka zama surukai.

Wasa ya taimaka wajen ɗinke ɓarakar. 'Ya'yan mace da 'ya'yan namiji taubasai ne, su zolayi juna babu mai fushi, kamar Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe. A da, ranar cika-ciki, 10 ga Muharram, taubashina yakan taso daga Rabah, ya tsaya bakin zaure yana kirana bawansa, wai sai na biya kuɗin shara. In ba shi, mu ci tuwo kwano ɗaya.

Yau ziyarar ta koma gaisuwa cikin waya. Jama'a, ku kai 'ya'yanku su san taubasansu, zumunta a ƙafa take.