Hanyar Dogon Dutsi: Daga Ayarin Jakuna zuwa Keke

Babbar hanyar Nijar mai lamba 1 tana barin Yamai ta bi ta Dosso, ta faɗa ƙasar Arewa, ta ratsa Kore Mairuwa cikin gundumar Tibiri, ta iso Dogon Dutsi bayan tafiyar kilomita wajen 270. Daga nan take miƙewa gabas zuwa Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Mai mota da wuya ya lura da tudun wannan yanki, amma mai keke a cinyarsa yake jin sa. Garin Dogon Dutsi yana kwance ne cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun zamanin da, wanda duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka yi wa katanga. Daga dutsen da ke tsaye bisa garin sunan ya samo asali. Duk wanda ya gangaro kwarin, hawa na jiran sa kafin ya fita.

Kafin zuwan Turawa, fatake da jakunansu bin tsawon kwarin suke yi, kudu da arewa, domin a nan ruwa yake kusa, rijiya ba ta zurfi. Abin da ya juya akalar tafiya ta koma yamma da gabas siyasa ce. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila an zana iyaka ta bi Dallol Mawri, sannan ta kewaye Sakkwato da nisan mil 100. Wannan zane ya tilasta wa Faransawa zagaye ta arewa, ta Filinge da Tawa, ƙasar da ruwa yake wahala, kafin su kai Damagaram. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Arewa da ƙone-ƙone, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Sai da aka sake zana iyakar a 1904 da 1906 Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi ta Dosso da Ƙonni. Da haka Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, ta koma gefe, Dogon Dutsi da ke bakin hanya ya ɗaukaka.

Gumin talakawa ne ya share hanyar. Da aikin tilas aka sare daji, aka kwashe duwatsu, aka ɗauki marmara a ka, kuma ba a soke wannan zalunci ba sai a 1946. Mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 ya ƙara mata zirga-zirga. Kwalta ta zo daga baya.

Keke ya shigo hanyar a matsayin abin alfahari, na malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma Raleigh ne sunan da aka fi sani, kafin kekunan Sin masu araha su cika kasuwa. Akasarinsu ba su da giya, saboda haka in hawa ya yi tsauri mahayi sauka yake ya tura. Lokacin hunturu wahalar ninkuwa take ga mai nufar Ƙonni, don iskar arewa maso gabas a fuska take dukan sa. Gangara kuma, da buhun hatsi ko damin rake a kariya, birki take ci. Wannan ne ya sa rumfar mai faci da gyaran kaca ta zama abin nema a garuruwan bakin hanya.

Yau babur ya karɓe yawancin jigilar da keke ya saba yi, amma ranar kasuwa ana ganin manoma da 'yan makaranta suna taka feda a gefen kwalta, tsakanin manyan motocin da ke nufar Maraɗi.