Birnin Shehu Da 'Ya'yanmu Na Birni

Har zuwa 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Sakkwato ce babban birninmu. Yaran da aka haifa bayan nan, musamman a Kaduna da Abuja, galibinsu sunanta kawai suka sani. Wannan giɓi, 'yan'uwa, mu iyaye ne za mu cike shi, kuma dogon hutun damina dama ce, in hanya ta yi lafiya.

Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alkalawa. Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Don haka a fara da Hubbare, sannan Masallacin Shehu. Daga nan a nufi gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, a duba rubuce-rubucen magabata. A ƙarƙare da Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da Turawa a 1903.

In rana ta take, a ba yara hura da nono, su ɗanɗani abin da ya riƙe kakanninsu. Gani, Hausawa suka ce, ya kori ji.