Tattara irin itatuwan gida a Sahel

Tattara irin itatuwan gida aiki ne da masana tsirrai da mazauna karkara suke yi a dazuzzukan Sahel, domin samun irin da za a farfaɗo da ƙasar da hamada ta cinye. Ana yin sa galibi daga kaka zuwa rani, lokacin da 'ya'yan gawo, bagaruwa, aduwa, magarya da ɗakwara suke nuna. Ana ɗiba daga itatuwa masu yawa, kuma ƙa'idar masana ita ce kada a kwashi fiye da kashi 20 cikin 100 na irin da ya nuna.

Aikin ya ƙara ƙarfi bayan Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007. Najeriya ta kafa hukumar shirin a 2015, kuma Bauchi na cikin jihohi 11 da ya shafa. Rumbun iri na Millennium Seed Bank a Ingila, wanda aka buɗe a 2000, ya yi aiki da Nijar, Mali da Burkina Faso wajen tattara iri. A rumbun ana busar da iri, a ajiye shi cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili.