Daga Abdu Mumuni zuwa bakin Kumadugu: ilimin tsimin makamashi da harshen da za a koyar da shi

Duk wanda ya taso a Diffa ya san ƙarar injin ban-ruwa da asuba a gonakin tattasai na bakin Kumadugu. Ya kuma san cewa kuɗin esansi na cin rabo babba daga ribar manomi. A Fabrairun 2015, da Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka taƙaita sayar da mai da taki, aka hana cinikin tattasai na wani lokaci. Sai injuna suka yi shiru. A Agustan 2023 kuma Najeriya ta yanke wa Nijar kuran bayan juyin mulki. Sau biyu ke nan muna ganin illar dogaro da makamashin da ba mu iko da shi.

To amma ƴan uwa, tunanin magance wannan ya daɗe a ƙasarmu. Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya zurfafa bincike kan hasken rana a Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Bamako. A 1969 ya karɓi jagorancin ONERSOL, ofishin makamashin rana da ke Yamai, inda aka ƙera tukwanen dafa abinci da na ɗuma ruwa masu aiki da rana. Ya rasu a 1991, daga baya aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Haɗin gwiwar jami'o'i ya ɗora a kan wannan tushe. Cibiyar WASCAL, wadda gwamnatin Jamus ke tallafa wa, ta raba fannoni tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma, aka ba Yamai fannin sauyin yanayi da makamashi. Ɗalibai daga ƙasashen yankin na zuwa nan su yi karatu. Mu ma a 2014 aka kafa Jami'ar Diffa, wadda ta fi mai da hankali kan noma da muhalli.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan ilimi ya ƙetare teku ya iso mana, amma da Turanci da Faransanci yake tafiya. Manomin Geskeru ko Shetimari kuwa da Barbarci, Hausa ko Fillanci yake lissafinsa. Tsimin makamashi a wurinsa abu ne na hannu: bututun da ke yoyo, injin da ya fi ƙarfin gonar, ban-ruwa da tsakar rana lokacin da zafi ke shanye ruwan, ƙurar da ta lulluɓe fanon sola. A gida kuma, murhun duwatsu uku ne da ke cinye itace. Wa zai bayyana masa waɗannan da harshensa?

Abin sha'awa, Abdu Mumuni ya hango wannan. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nemi a riƙa koyarwa da harsunanmu. Mun riƙe rabin gādonsa, wato kimiyyar, mun yi sakaci da sauran rabin.

Shawarata ita ce, duk yarjejeniyar da jami'armu za ta ƙulla da ta waje, a sa aikin harshe a ciki: ƙaramin ƙamus, shirin rediyo, zaman tattaunawa da ƙungiyoyin manoma. Ɗaliban harsuna mu ma muna da aiki a nan. Mu fara da sauraren sunayen da makanikan Diffa suka riga suka raɗa wa sassan injin.